Amsoshin Tambayoyinku: Tukunyar Itace Mai Ɗumama Gida a Ƙasashen Ƙanƙara

Assalamu alaikum. Yawancin wasiƙun wannan makon daga 'yan'uwanmu mazauna arewacin Amurka da Kanada suka fito, waɗanda suka sayi gida a bayan gari, kuɗin gas ɗin furofen na lokacin sanyi kuma ya fara taɓa musu aljihu. Tambayarsu a kan tukunyar nan ce ta ƙarfe da ake girkawa a waje, nesa da gida, ana cusa mata itace. Ga wanda bai taɓa ganinta ba, murhu ne rufaffe da ruwa ya kewaye. Wuta ta zafafa ruwan zuwa kimanin digiri 82 a ma'aunin Salshiyos, wato 180 a Faranhait, famfon lantarki ya tura shi ta bututu a ƙarƙashin ƙasa zuwa cikin gida, ya sauke zafinsa, ya koma a sake zafafa shi.

Injiniya, ina ƙona furofen galan 1,000 duk sanyi, ga gareji da nake son in ɗumama. Tukunyar za ta rage mini? Wacce zan saya? Daga wani magidanci a Minisota.

Malam, kafin ka je wurin dillali ka yi lissafi a takarda. Galan ɗaya na furofen yana da zafi BTU 91,500, BTU kuwa ma'aunin yawan zafi ne da ake amfani da shi a can. Galan 1,000, idan aka cire abin da ke bin hayaƙi, gidanka na cin kimanin BTU miliyan 82 ke nan a shekara. Itace kuwa da kod ake auna shi a can, wato tuli mai faɗin ƙafa 4, tsayin ƙafa 4, tsawon ƙafa 8. Kod ɗaya na busasshen itacen ok, wata bishiya mai tauri ta can, yana da wajen BTU miliyan 24. Tukunyar zamani, mai sake ƙona hayaƙinta a wani ɗaki na biyu a ƙasan murhu, idan ta ba ka kashi 75 cikin ɗari, kod 4 da rabi zuwa 5 za ka ƙona. Tsohuwar samfuri mai turnuƙe unguwa, wadda takan tsaya a wajen kashi 40, sai ka ba ta kod 8 zuwa 9. Gareji kuma ƙari ne a kan wannan.

Yanzu ka tambayi kanka: itacen nan daga ina? Idan kana da daji a filinka, da zarto mai inji, da injin faskare, da ƙashin baya mai lafiya, to akwai riba. Idan saye za ka yi a kawo maka har gida, kai ka san farashin kod a yankinku. Ka haɗa da kuɗin tukunya da haƙa da bututu da ma'aikaci, za ka ga shekarun da za ka yi kafin kuɗinka ya dawo. Sannan sau biyu a rana, safe da dare, ko ana zuba ƙanƙara, sai wani ya fita ya zuba itace.

Kada ka bari a sayar maka da wadda ta fi ƙarfin gidanka wai don kada ta gaza. Babbar tukunya a ƙaramin gida takan kai zafinta da wuri, fankar da ke hura mata iska ta tsaya, wutar ta koma cin ciki, sai baƙin maiƙo ya like bangon murhu yana cin ƙarfe. A auna yawan zafin da gidan da garejin ke zubarwa a ranar da ta fi sanyi, a kan wannan ake zaɓen girma. Ka kuma duba tana da shaidar hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, bisa ƙa'idar da ta fara aiki a watan Mayun 2020. Ka leƙa ofishin ƙaramar hukumarku, domin wasu garuruwan sun hana ta baki ɗaya. A jihar Niyok, alal misali, sabuwar tukunya sai ta yi nisan ƙafa 100 daga iyakar fili, bututun hayaƙinta kuma ya kai ƙafa 18 daga ƙasa. Kamfanin inshorarka ma ka sanar da shi tun kafin a kunna ashana.

Dillali ya ba ni farashin bututun ƙarƙashin ƙasa, na ga ya yi tsada. Na samu wani a intanet a ƙasa da rabin kuɗin, sun ce naɗi biyar gare shi. Nisan ƙafa 150 ne. In saya? Daga Wiskonsin.

Kada ka saya. A nan zan daɗe, domin a duk aikin nan babu inda ake asarar dukiya kamar wannan ramin, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutum ya zuba dubban daloli a kan tukunya mai sheƙi da maƙwabta za su gani, sannan ya zo kan abin da za a binne ya kama ƙwauro.

Bututun iri biyu ne. Na farko, bututun roba na PEX guda biyu, na zuwa da na dawowa, an zuba musu kumfa mai tauri wadda ba ta shan ruwa, an rufe da roba mai kauri mai santsi. Ka sa hannu ka matsa bakinsa, ba zai lotsa ba, babu wani fili a ciki. Na biyu, wanda ka gani, PEX ɗin ne aka naɗe da ledar nan mai ƙyalli, aka zura cikin baƙin bututun magudana mai gurbi-gurbi. A cikin shago, a bushe, duka biyun suna riƙe zafi. A cikin ƙasa labari ya sha bamban. Dutse ɗaya ya huda baƙin bututun lokacin cike rami, ko bakin ya zauna ba a toshe ba, ruwan ƙasa ya shiga ya cika shi. Daga ranar, naɗi biyar ko goma duk ɗaya ne, ruwan zafinka a cikin ruwan sanyi yake tafiya. Alamarsa ba ta ɓuya: a tsakiyar Janairu, fili duk fari fat, sai ka ga wani layi baƙi na ƙasa tun daga tukunya har jikin gida, ƙanƙara ta narke a kansa.

Ga lissafin, don kada a ce surutu ne. Zafin da ruwa ke ɗauka a awa shi ne galan nawa ke wucewa a minti, sau 500, sau bambancin zafi a Faranhait. A ce galan 8 ke wucewa a minti, ruwan kuma ya rasa digiri 5 kacal a hanya. BTU 20,000 ke nan duk awa, 480,000 a yini, domin famfon ba ya tsayawa. A kwana 180 na sanyi ya haura miliyan 86. Koma ka duba gidan Malam na Minisota: miliyan 82 yake ci. Ashe itacen da za ka ƙona don ɗumama ƙasar tsakar gidanka ya kai na ɗumama iyalinka. Kai ne za ka sare shi, ka faskara, ka jera, ka ɗauko, duk shekara. Bututu na gari a wannan nisan bai kamata ya rasa fiye da digiri 1 ko 2 na Faranhait ba. Araha ba ta ado, kuma ranar da za ka gyara sai an sake haƙa ramin gaba ɗaya, a sake sayen wanda ka ƙi tun farko.

Girmansa ma ka kula. Gidan da ke buƙatar BTU 100,000 a awa, da bambancin digiri 20 na Faranhait tsakanin ruwan zuwa da na dawowa, galan 10 a minti yake nema. PEX mai inci 1 abin da yake ɗauka cikin sauƙi bai wuce galan 7 zuwa 8 ba, ga nisa kuma. Ka ɗauki inci 1 da kwata. Masu sa ƙarami sukan ce za su rama da babban famfo. Abin da suke samu shi ne kuɗin wuta da ƙara. Ruwan kuma ya riƙa dawowa da sanyi, alhali idan ya sauka ƙasa da digiri 60 na Salshiyos, bangon murhu yakan yi gumi, gumin ya haɗu da toka ya zama abin da ke huda ƙarfe.

Wajen binnewa: ka kira lambar waya 811, ta masu shirin haƙa, a zo a yi maka alamar wayoyi da bututun gas kafin a taɓa ƙasa. Zurfin ƙafa 2 ya isa ga mai kumfa, a ƙara zurfi inda mota ke bi. A shimfiɗa yashi a ƙasa da sama, a tsince duwatsu. Guntu ɗaya ɗungurungum, babu haɗi ko ɗaya a cikin ƙasa. Bakin biyu su fito sama da ƙasa, a toshe su. Tunda rami a buɗe yake, ka jefa wayar lantarki a cikin bututunta, da wani bututun fanko don gaba. Na gareji kuma a ja masa layinsa daban da famfonsa daga tukunya, kada a ratsa da shi ta cikin gida. A ƙarshe ka ɗaura ma'aunin zafi a kowane baki, ka rubuta abin da suka nuna a makon farko, ka riƙa kwatantawa duk shekara.

Injiniya, hankalina ba a kwance yake ba. Za mu je gida bikin ƙanwata a watan Disamba, mako huɗu. Mun tarar da tukunyar a gidan da muka saya. Idan ruwan ya daskare fa? Daga wata uwar yara a Manitoba.

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai ku lafiya. Kin yi daidai da kika yi tambaya tun yanzu, kuma abin yana da mafita. Ki bar na'urar ɗumama ta cikin gida, ta gas ko ta lantarki, a kunne a kan digiri 13 zuwa 15 na Salshiyos. Famfon tukunya kuma kada a kashe shi. Ruwan zai riƙa zagayawa yana ɗebo ɗan ɗumi daga cikin gida yana kai wa tukunya, ba zai daskare ba ko babu wuta a murhu. Gas zai ɗan ƙara tafiya, a cika tanki kafin ku tashi. Ku gwada haka na kwana biyu kuna gida, ku ga inda ma'auni ya tsaya.

Abin tsoro ɗaya ne, ɗaukewar wutar lantarki, domin famfo na tsayawa ruwa zai fara daskarewa. Ki samu maƙwabci amintacce mai mabuɗi, a nuna masa yadda ake tayar da janareta, a kuma sa ƙaramar na'urar da ke aiko saƙo a waya idan zafi ya sauka. Maganin hana daskarewa yana aiki, amma tukunya na cin ɗaruruwan galan, kuɗin ba kaɗan ba ne, yana kuma rage zafin da ruwa ke ɗauka. Idan za a zuba, nau'in furofilin gilaikol ake sawa. Na mota guba ne. Kafin tafiya a kwashe toka tas, tana jan laima. A ɗebi ruwan a gwada ƙarfin maganin tsatsarsa, tunda ba ku san yadda masu gidan na da suka kula da shi ba. Kuma tunda akwai yara, ki sa a duba ko akwai bawul mai surka ruwan wanka ya tsaya a digiri 49 na Salshiyos. Ruwan da tukunyar nan ta zafafa yana saluɓe fatar yaro nan take.

An ce tana cin komai. Zan iya zuba tsofaffin taya, katakon gini da shara? Ɗanyen itace fa? Daga Mishigan.

Haba Malam. Wanda ya ce maka haka, shi ma ya je ya zauna inda hayaƙin ke sauka. Taya, leda, katako mai fenti ko mai maganin gara, duk doka ta hana, guba ce ga huhun 'ya'yanka da na maƙwabta, kuma da irin wannan aka jawo wa tukunyar baƙin jini har garuruwa suka hana ta. Ɗanyen itace kuwa kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wutar sai ta gama dafa shi kafin ta ɗumama ka. Ka sayi ma'aunin laima, ka tsaga itace, ka caka a sabon gefen. Ya wuce kashi 20 cikin ɗari, mayar da shi tuli. Itacen ok yakan nemi shekara biyu a faskare, a ɗage daga ƙasa, a rufe samansa kawai iska na ratsa gefe. Kuma ka sayi itace a kusa da kai. A jiharku aka fara gano ƙwaron da ke kashe bishiyar ash a 2002, a cikin itacen wuta kuma ya yi ta yaɗuwa.

Ina Jos, sanyi na damunmu, ga 'yan tsaki. In yi odar irinta? Daga mai kiwon kaji.

A'a. An yi ta ne don inda ruwa ke daskarewa wata biyar ko shida. Hunturunmu bai kai nan ba, ga kuɗin kwastan, ga famfon da ke son wuta dare da rana, ka kuma san yadda itace ya yi tsada da yadda dazukanmu suka ƙare. 'Yan tsaki digiri 32 zuwa 35 na Salshiyos suke so a makon farko, a riƙa rage kamar 3 duk mako. Kaskon gawayi ko fitilar gas ya wadatar, a kewaye ɗakin da labule, a bar kafar iska a sama. Ka lura da su: in sun cure a gindin kasko sanyi suke ji, in sun watse jikin bango suna haki zafi ya yi yawa. Gawayin a hura shi a waje ya zama garwashi kafin a shigar. Yaron da ke gadi kada ya kwana a ɗakin, haka ma kada a shigar da kasko ɗakin barci a rufe ƙofa da taga, domin iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, a cikin barci take kashe mutum.