Amsa: Tsohon littafin koyon rubuta manhaja zai yi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko littafin yayanka zai yi maka a shekarar farko ta jami'a. Duba harshen kwamfutar da aka rubuta shi a kai tukuna. Littafi na bin harshen da sashen karatunku ya zaɓa ne, in an sauya harshe shi ma ya tafi, kamar yadda jami'ar MIT ta Amurka ta bar harshen Scheme ta koma Python. In kan Python 2 ne, tsohuwar sigar Python wadda aka daina kula da ita a 2020, ajiye shi: ko umarnin print ɗinsa (na nuna rubutu a allo) ba zai yi aiki a Python 3 ba sai ka sa baka biyu. Amma in sabon bugu kawai aka fitar, galibi lambobin atisaye ne suka motsa. Karɓe shi, ka riƙa daidaita tambayoyin jinga da na abokin ajinka.