Kafin Ka Sayi Tola: Amsoshin Tambayoyinku Kan Turaren Mai

Tun da hunturu ya kama, yawancin tambayoyin da ke iso mana daga cikin Jos a kan turaren mai suke, irin wanda ake aunawa a tola ko a haɗa da hannu, ba na fesawa ba. Mun tsamo shida daga ciki, mun taƙaita su.

Tambaya daga wani malamin makaranta, Bauchi Road: "Na shinshina wani turare a Terminus, ƙamshin lemo da wardi, ya yi mini daɗi, na sayi rabin tola. Da na shafa a gida, bayan awa guda sai ya koma wani zaƙi-zaƙi mai hawa kai. Ko an musanya mini kwalba ne?"

Malam, da wuya a ce an musanya maka. Turaren da ka zaɓa shi ne a hannunka, sai dai farkonsa kawai ka ji a kasuwa. Kowane haɗi yana da abubuwa masu saurin tashi da masu nauyi. Lemo, bagamot (wani nau'in lemo) da na'a-na'a su ne ke fara dukan hanci, kuma cikin minti 15 zuwa 30 sun wuce. Bayansu furanni da kayan yaji ke fitowa, irin su wardi, yasmin, kanumfari, kirfa da za'afaran, su riƙe awa biyu zuwa huɗu. Abin da ya rage har dare, har ya kwana a jikin riga, shi ne gindin turaren: sandal, ud, almiski, ambar, jema, fanila. Zaƙin da ya hau maka kai mafi yawa fanila ce ko almiskin masana'anta da aka cika a gindi don turaren ya daɗe. To da wannan gindin za ka wuni, don haka shi ya kamata ka gwada kafin ka biya.

Ga yadda ake gwaji. Ka je da jiki ba turare, kuma kada ka wanke hannu da sabulu mai ƙamshi. Kada ka yanke hukunci daga bakin kwalba, domin abin da ya taru a wurin masu saurin tashi ne kawai. Ka sa a ɗiga maka ɗan kaɗan da tsinken gilashi a wuyan hannun dama, wani daban a na hagu. Idan akwai na uku, lanƙwasar gwiwar hannu. Kada ka wuce uku a zuwa ɗaya, hanci yana gajiya, daga na huɗu komai sai ya zama iri ɗaya. Wasu masu shago suna miƙo 'ya'yan kofi wai don hanci ya wartsake. Wani ƙamshin ne kawai aka ƙara maka. Gara ka fita waje ka sha iska, ko ka shinshina hannun rigarka inda ba turare. Sannan ka tafi harkarka. Ka shinshina bayan rabin awa, bayan awa uku, da kuma bayan isha'i. Wanda har lokacin yake maka daɗi, shi za ka koma ka saya, kuma ka fara da kwata, wato mililita 3. Tola guda ana sayar da ita a mililita 12, rabi 6. Mai turaren da ya yarda da kayansa ba ya ƙin ɗiga wa mutum ya tafi ya dawo.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa, Gangare: "An sayar mini da ud, an ce ɗan asali ne daga Kambodiya, amma kuɗinsa bai fi na sauran turaruka ba. Yaya zan gane na gaskiya?"

Alhaji, farashin ma ya ba ka amsa. Ud yana fitowa ne daga itacen Aquilaria da ke kudu maso gabashin Asiya da yankin Assam na Indiya. Lafiyayyen itacen fari ne, ba ya ƙamshi. Sai ya ji rauni fumfuna ta shige shi, sannan yake fitar da wani baƙin ƙaro don kare kansa, kuma wannan yana ɗaukar shekaru. Ana niƙa itacen, a jiƙa shi, a dafa shi kwanaki ana tare tururin, man da ake samu kuwa ɗan kaɗan ne. Saboda yawan sara, tun 1995 aka sa wani nau'insa ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, a 2004 aka amince a haɗa da sauran. Abin da ya sha wannan wahala ba zai zo daidai da kuɗin turaren yau da kullum ba.

Hanci ma yana faɗa. Ud na gaske yana sauyawa a jiki. Na Indiya kan buɗe da wani wari-wari kamar na majema ko garke, wanda bai saba ba zai ɗauka ya lalace, sai bayan kamar awa guda ya kwanta ya koma itace mai ɗumi. Na Kambodiya ya fi zaƙi, yana kama da busassun 'ya'yan itace da zuma. Na haɗawa kuwa yadda ya fara haka yake ƙarewa, sau da yawa da wani kaifi mai sukar hanci.

Idan kana zargin an surka shi, ɗiga ɗigo ɗaya a cikin kofin gilashi mai ruwa ka ɗan motsa. Tsantsar mai yana zama a dunƙule, ko ya taso ko ya nutse. Wanda aka tsinka da sinadarin DPG, wani ruwan masana'anta da ake surka turare da shi, yakan watse ya yi hazo, domin DPG yana narkewa a ruwa. Wanda aka surka da man farafin kuma yana barin maiƙo a takarda ko bayan ƙamshin ya tafi. Amma kada ka dogara da gwajin takarda kaɗai: ud, sandal da jema na gaske ma suna barin tabo saboda nauyinsu.

Haka zancen yake ga almiski da ambar. Almiskin asali daga jikin wata barewa ake samunsa a tsaunukan Himalaya da Saberiya, ita ma tana ƙarƙashin kariya. Farin almiski mai kauri da ake kira ɗahara a masana'anta ake yinsa, duk abin da mai talla zai faɗa. Abin da ake sayarwa da sunan ambar kuma mafi yawa haɗin ƙaro ne da fanila, ba wanda ake tsinta a bakin teku ba. Mu a wajenmu turaren masana'anta ba aibi ba ne. Binta Sudan da kakanninmu suka shafa tun 1920 yake kasuwa, na kamfani ne, kuma bai taɓa cewa shi ud ba ne. Abin ƙi shi ne a karɓi kuɗin na asali a ba ka na haɗawa. Idan naka yana maka daɗi kuma kuɗin na haɗawa ka biya, ba a cuce ka a aljihu ba, a suna kawai aka yi maka ƙari.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar banki, Rayfield: "Turarena a nan Jos ko ni ba na jin sa, amma in na je Abuja da shi har mutane suna tari a mota. Sannan man wardin da aka kawo mini tsaraba daga Saudiyya ya daskare a kwalba. Ya lalace ne?"

Hajiya, zafin fata ne ke tayar da turaren mai, tunda ba shi da barasar da za ta watsa shi cikin iska. Jos tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, a Disamba da Janairu fata a sanyaye take kuma a bushe, sai turaren ya kwanta. Busasshiyar fata kuma ba ta riƙe ƙamshi. Ki shafa shi da kin fito wanka, bayan kin sa ɗan basilin mara ƙamshi a wurin. Man kaɗanya ɗanye yana da nasa warin da zai yi faɗa da turaren. Ki zaɓi wurare masu ɗumi: wuyan hannu, gindin wuya, bayan kunne. A sanyin nan ɗigo uku ba su yi yawa ba, kuma lokacin ud, ambar, za'afaran da kirfa ke nan. A Abuja cikin Maris ɗigo ɗaya ya isa, kuma gara ki koma wardi, sandal ko jema, waɗanda ba sa shaƙe mutane a mota ko ofis.

Ki lura kuma, rashin jin ƙamshin jikinki ba ya nufin ya tafi. Hanci yana sabawa da abin da ke tare da shi cikin mintuna kaɗan, wasu mutanen ma sam ba sa jin wasu nau'o'in almiski. Kafin ki ƙara, tambayi wadda ke kusa da ke.

Man wardinki bai lalace ba. Wanda aka tace ta hanyar tururi, irin na Ɗa'if ko na Bulgeriya, yana da wani kaki na halitta da ke daskarewa idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 20 ko kusa da haka. Ki damƙe kwalbar a tafin hannu na 'yan mintuna, zai narke. Kada ki kai ta kusa da wuta ko ki jefa a tafasasshen ruwa. Ki tattala shi, sai an tara sama da tan uku na fure ake samun kilo ɗaya na wannan man.

Tambaya daga wani ango, Rikkos: "Turare ya ɓata mini farar shadda."

Ango, ud da za'afaran ba sa jituwa da farin kaya. Ka murza ɗigo a tafukan hannu, sannan ka shafi cikin rigar ko ƙarƙashin aiki. Tabon da ya riga ya kama, barbaɗa masa hoda ko garin sitaci ya kwana ya tsotse man, ka kakkaɓe, ka ɗiga sabulun wanke kwanuka na ruwa, ka wanke da ruwa mai ɗan ɗumi. Kada a kai wa mai guga ko mai bugu sai tabon ya fita, zafin dutsen guga yana zaunar da shi.

Tambaya daga wata mai haɗa humra, Anguwan Rogo: "Na tsinka turare da man jojoba don in sayar a ƙananan kwalabe, sai ya rabu gida biyu. Me na yi ba daidai ba?"

'Yar'uwa, mai yiwuwa turaren da kika saro an riga an tsinka shi da DPG, shi kuwa ba ya haɗuwa da jojoba ko tataccen man kwakwa, komai girgizawa sai sun rabu. Kafin ki haɗa da yawa, gwada mililita 1 na turaren da 4 na man a ƙaramar kwalba, ki bar shi ya kwana. Idan ya rabu, da DPG za ki tsinka wannan, ba da mai ba.

Ga kwalba mai ƙwallo a baki ta mililita 10, ma'auni mai kyau shi ne 2 na tsantsar turare da 8 na man tsinkawa, wato kashi 20 cikin 100. Ki auna da sirinji, kada ki ƙirga ɗigo, domin ɗigon sandal mai kauri ba ɗaya yake da na lemo ba. Idan ke ce ke haɗa ƙamshin, ki fara zuba na gindi, sannan na tsakiya, na sama a ƙarshe, kina rubuta kowane awo a littafi, in ba haka ba ranar da ya yi daɗi ba za ki iya maimaita shi ba. Ki rufe ki ajiye a duhu mako biyu zuwa huɗu kafin ki yanke masa hukunci, sabon haɗi kullum a tsaitsaye yake. Man gyaɗa da na zaitun ba na wannan aikin ba ne, suna da wari kuma suna tsami. Jojoba yakan yi gajimare ko ya daskare in sanyi ya kai wajen digiri 10, abin da ke faruwa a wasu dararen Jos. Ki gaya wa masu saye tun da wuri don kada su dawo miki da kaya.

Wajen ajiya, kwalbar gilashi mai duhu, murfi a ɗaure, nesa da taga da cikin mota. Haɗin da lemo ya yi yawa a ciki ki yi shi kaɗan-kaɗan, shekara ɗaya zuwa biyu iska ta canza shi. Ud da sandal kuwa ƙara kyau suke in sun daɗe.

Tambaya daga wata ɗaliba, Farin Gada: "Inda nake shafa turare a wuya ya yi duhu kuma yana ƙaiƙayi."

Ƙanwata, ki dakatar da shi yau. Man bagamot da na lemun tsami da aka matso daga ɓawo suna ƙona fata idan rana ta taɓa wurin, su bar baƙin tabo mai daɗewa. Kirfa da kanumfari kuma suna sa ƙaiƙayi in sun yi ƙarfi. Duk sabon turare ki ɗiga shi a lanƙwasar gwiwar hannu ki jira kwana biyu kafin ki kai shi wuya, mai lemo kuma ki shafa shi inda tufa ke rufewa. Idan wurin ya kumbura, ya yi ruwa, ko ƙaiƙayin ya wuce mako guda bayan kin daina, ki je wajen likitan fata da kwalbar a hannu.