Kafin ki sayi tikitin biki, duba kalandar makaranta

Ƙanwata, na ga saƙonki. Kin ce za ku iso Ingila da yaranki uku 'yan makaranta, kuma kina so ku leƙa Kano sati uku a watan Mayu bikin autarku, ko makaranta za ta bari? Gaskiya da wuya.

A nan, da zarar yaro ya cika shekara 5, daga zango na gaba zuwa makaranta dole ne har ya kai 16, kuma dokar ilimi ta 1996 iyaye take kamawa. Sau biyu ake kiran suna, da safe da kuma bayan abincin rana. Farkon zuwanmu ƙaramin ɗana ya kwana da zazzaɓi, na bar shi a kwance ban sanar ba. Ina kicin ina dama masa kunu, ƙarfe goma ba ta yi ba sai ga waya daga ofishin makaranta: ina yaron yake? Rashin lafiya uzuri ne, amma sai kin kira kin faɗa.

Tun Agustan 2024, fashin kwana biyar ba izini cikin sati goma kan jawo tara: fam 80 in an biya cikin kwana 21, in an wuce ta koma 160. Uwa daban, uba daban, kowane yaro da nasa lissafin. Ke da maigidanki da yara uku, fam 480 ke nan. In aka maimaita har sau uku cikin shekara uku, maganar na iya zuwa kotu, inda tara kan kai fam 2,500, har da ɗaurin wata uku idan abin ya yi muni. Wani uba, Jon Platt, ya kai 'yarsa yawon buɗe ido Florida, ya ƙi biya, ya sha kaye a Kotun Ƙoli a 2017.

Ni ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Yaron da ya yi kwana 20 na karatu a jere ba izini ana iya cire sunansa, a ba wani gurbin. Kin kuwa san bikinmu, ga kamu ga kai amarya ga gaishe-gaishen dangi, sati uku kan zama biyar.

Ranar Sallah suna ba da izini in kin sanar da wuri, galibi kwana ɗaya. Biki kam ba ya ciki. Ki roƙi Hajiya ko za a ɗaga shi zuwa Agusta, lokacin dogon hutu na kusan sati shida, sai dai tikiti na tsada, ki saya tun da wuri. In ranar ba ta ɗaguwa, ki tafi ke kaɗai, yaran su zauna da babansu.