Amsa ga 'yar'uwar da Hajiyarsu ke mantawa ta ci abinci

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki, cewa Hajiya na tuna ƙawayenta na ƙuruciya a Katsina amma tana rantsuwa ba a ba ta tuwon da ta cinye yanzun nan ba, har kina tunanin ko jifa ne, wallahi sai da na ajiye waya na yi kuka. Haka Babanmu ya yi, Allah ya jiƙansa.

Mu ma jifa aka ce mana, kuma ni aka nuna. Matar kawuna ta bi dangi gida gida a Agege, Legas, tana cewa ni na yi masa asiri don in ci gidan. Ni da nake wanke masa kashi! Ranar da ya fita bayan La'asar wai zai buɗe shagonsa na Mile 12, shagon da ya rufe tun ina budurwa, kwana muka yi muna yawon nemansa. Washegari wani ɗan acaba ya tsince shi a Oshodi, ba takalmi, ƙafa duk jini. Baba ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, 'yar wa ce ke?" Matar nan ko sannu ba ta zo ta yi ba. Na bar ta da Allah.

A asibiti ne likita ya ce cutar Alzaima ce, wadda ta fi yawa cikin cututtukan gigin tsufa, ya zana mana a bayan takardar magani. Wani furotin, amiloyid, yana taruwa ya daskare tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kamar shara a kwata da damina. Wani kuma, tau, yana cukurkuɗewa a cikin ƙwayar har ta mutu, ƙwaƙwalwar ta riƙa motsewa. Ɓarnar na farawa ne daga sashen da ke ajiye sabon abu, shi ya sa Katsina ke nan daram, tuwo kuwa ya ɓace. Ya ce abin kan shekara 10 ko fiye yana taruwa kafin a ga alama.

Kada ki yi musu da ita, ƙara mata loma biyu kawai. Wani magani, Donepezil, ya ɗan taimaki Baba, amma ba ya warkarwa, kuma kada ki saya da kanki. A fara auna jininta, don ƙarancin bitamin B12 ma na kawo mantuwa, shi kuwa yana jin magani. Ki ɗinka lambar wayarki a jikin hijabinta, ki riƙa kulle ƙofa da yamma, lokacin ne masu cutar suka fi rikicewa.

Tana da hawan jini ko suga? Kuma wa ke karɓarki ki samu barci?