Gwajin Kaki Ɗaya Bai Isa Hujja Ba

Tambaya: Ɗana yana da cutar sistik faiburosis (cutar gado mai sa kaki mai kauri ya taru a huhu). An ga ƙwayar Mycobacterium abscessus a kakinsa, amma likita bai fara magani ba. Me ya sa?

Amsa: Baiwar Allah, likitan bai yi sakaci ba. Wannan ƙwayar dangin mai jawo tarin fuka ce, tana cikin ruwa da ƙasa, takan leƙa huhu ta wuce. Ba a fara magani sai an same ta a kaki 2 na ranaku daban, ko sau 1 a ruwan wankin huhu, sannan hoton huhu na CT da alamun ciwo su gaskata. Renon ƙwayar a ɗakin gwaji yana iya kaiwa mako 6. Matsalar ita ce Pseudomonas, wata ƙwayar cuta mai saurin mamaye farantin renon, shi ya sa ake fara tsabtace kakin da sinadari. A kawo kaki daga ƙirji, goge maƙogwaro ba ya wadatarwa. Idan yana shan azithromycin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, likita zai dakatar, don shan sa shi kaɗai yana sa ƙwayar ta bijire wa maganin.