Ƙanena kotu ta sa shi shara a Gamji, za mu iya biyan wani ya yi masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ƙanena ne aka kama kan faɗa a unguwarmu nan Tudun Wada, majistare ya ce ba zai tura shi gidan yari ba, zai yi wata ɗaya yana tsintar leda da shara a wurin shaƙatawa na Gamji da ke Kaduna. Yaron kunya duk ta ishe shi, ya ce abokansa za su gan shi su sa shi a Facebook, mahaifiyarmu kuma ko barci ba ta yi. Wani mutum a bakin kotu ya ce mu kawo kuɗi zai samo almajiri ya yi sharar, a sa masa hannu shikenan, wai ai tunda ba a ɗaure shi ba an sallame shi ne. Dan Allah gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. A'a, ba gaskiya ba ne, kuma kar ki ba mutumin nan ko sisi.

Ƙanenki ba a sallame shi ba. An same shi da laifi, an yanke masa hukunci, abin da alƙali ya yi kawai shi ne ya zaɓa masa aikin al'umma maimakon ɗauri. Wannan maganar ta "ai an sallame shi" kullum sai na ji ta, wallahi har ta gundure ni, saboda ita ce take kai yara gidan yarin da aka so a tsare su daga shiga. Yaro ya je kwana biyu, rana ta uku ya ga ba ɗan sanda a bayansa ba ankwa a hannunsa, sai ya ce ai wasa ne ya koma majalisa, 'yan uwa ma su ce ƙyale shi ai magana ta wuce. Ba ta wuce ba. Akwai mai sa ido da zai rubuta rahoto, rahoton kuma gaban alƙali zai koma, alƙali yana da ikon ya sa a kamo shi, ya soke umarnin farko ya yanke masa tara ko ɗaurin da tun farko ya kauce masa. Kuma a lokacin ba mai sauraron roƙo, don an yi masa sassauci ya raina.

Batun a turo wani ya yi masa kuwa ya fi muni. Hukunci a kan mutum yake, da sunansa, ba kwangilar shara aka ba gidanku ba da za ku sayar wa wani. In aka gano, kuma ana ganowa, an ƙara sabon laifi a kan tsoho, wanda ya tsaya wa ƙanen naki a kotu ma sai an neme shi, sau da yawa kuma mai tsayawar nan uba ne ko yayar yaro irinki. Shi wancan mutumin na bakin kotu da ya karɓi kuɗin ba za ki sake ganin ƙeyarsa ba. Ba lauya ba ne, ba ma'aikacin kotu ba ne, dillali ne mai cin abinci da tsoron mutane, zai ce miki ya san rajistara ya san kowa, ki tambaye shi rasit ki ga yadda zai sauya magana.

Kuma abin ba wulaƙanci ne alƙali ya ƙirƙiro ba. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta tanade shi, ta ambaci shara da yanke ciyawa da wanke kwata, ta ce kar ya wuce wata 6 kuma kar a wuce awa 5 a rana, ba a kuma ba wanda ya yi laifi da makami ko laifin fyaɗe. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2017. A 2019 da aka sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, an buɗe sashe guda na hukuncin da ba ɗauri. Lokacin kullen korona a 2020 kotunan tafi da gidanka a garin nan sun sa mutane irin wannan aikin. Gidajen yarinmu a cike suke, mafi yawan na ciki ma jiran shari'a suke yi, ki yi tunanin yaron da ya yi faɗan unguwa a kwantar da shi wata ɗaya cikin waɗanda suka ƙware.

Kunyar na fahimta, amma gara abokai su gan shi da tsintsiya.

Ya riƙa zuwa da kansa a kan lokaci, ya sa hannu da kansa kullum. In rashin lafiya ta kama shi ko yana da jarrabawa, kar ya zauna a gida shiru, a kai takardar asibiti ko ta makaranta a nemi kotu ta gyara lokacin. In kuna ganin hukuncin ne ba daidai ba, ɗaukaka ƙara ake yi kuma tana da wa'adi, ku nemi lauya yanzu, in babu hali akwai ofishin ba da agajin lauyoyi kyauta na gwamnati. Ranar da ya gama kuma ku tabbatar an rubuta ya kammala, ku karɓi kwafi ku ajiye.