Amsa ga mai son fara zuba jari a gidajen haya a Birnin Kebbi

Malam, ka tambaya ko ya fi maka ka sayi fili ka gina, ko ka sayi ginannen gida ka zuba 'yan haya da kuɗin da ka tara. A ganina, takarda ita ce gaba da zaɓin nan biyu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, saboda haka shaidar mai unguwa da ta dillali, ko da yake suna da amfani, ba za su maye gurbin takardar mallaka ta gwamnati ba. Ka je ma'aikatar filaye da kanka ka tabbatar da sunan da ke kan takardar kafin ka biya ko sisi. Idan kuwa gidan gado ne, kada ka yarda sai an raba gadon kuma kowane magaji ya sa hannu, domin rigimar magada kan ɗauki shekaru a kotu.

Ka ziyarci wurin da damina, musamman a watan Agusta, tunda unguwannin da ke kusa da fadama ruwa kan kwanta musu, abin da mai sayarwa ba zai faɗa maka da rani ba.

Ga mai farawa, na fi son ƙananan ɗakuna masu banɗaki a ciki kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, inda ɗalibai ke neman masauki kowace shekara. Ka ware kuɗin rijiyar burtsatse da na gyaran rufi tun daga farko.